Sunan Ƴar Fari a Wayar Iska

A bayan biron kwamandan Tanut, wato ofishinsa, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, wanda ko kwamandan da kansa sai ya yi sallama yake shiga. Nan ne ɗakin wayar iska, akwatin nan mai ƙugi da hukuma ke magana da garuruwan Damargu da shi, kuma nan ne fadar Malam Barmo. A shekarun nan, farkon alif ɗari tara da tamanin, babu tarhon da ya kai Belbeji ko Tenhya. Wanda ke son sanin halin da ake ciki can, ko dai ya jira kamyon kasuwa, babbar motar kaya, ko ya jira Barmo ya murɗa maɓalli.

Aikin Barmo bai tsaya ga aika saƙo ba. Shi ne mai ƙofa. Kowane gari yana da akwatinsa da mai kula da shi, amma ba wanda zai buɗe baki a iska sai wanda Barmo ya ba izini, Barmon kuma ya faɗi cikakken sunan mutumin da bakinsa, babbar tashar Damagaram tana saurare. Akwai waɗanda ya yarje wa su aika su karɓa. Akwai waɗanda nasu saurare ne kawai. Akwai kuma waɗanda ya ba su ya ƙwace, irin wani gardi mai gadin biro da ya taɓa shiga iska da sassafe yana tambayar yadda raƙuma suka kwana a kasuwa. In kuwa baƙuwar murya ta faɗo, ƙa'idar a fili take: a rufe tashar da ta fito har sai an aiko mai bincike, abin da ta faɗa kuma kamar ba a faɗa ba.

Mutum ɗaya ne a duk Damargu yake iya taɓa Barmo ya kwana lafiya, shi ne Ila mai tashar Tenhya, ɗan gwaggonsa, abokin wasansa tun suna yawo ba wando. Ila ba ya kiransa da komi sai Sarkin Ƙofa.

"Sarkin Ƙofa, ran da Mala'ikan mutuwa ya zo maka, na rantse sai ka tambaye shi wa ya ba shi izini."

"Tenhya, ka faɗi rahotonka ka sauka. Iska ba dandali ba ce."

To, wannan mutum mai tsauri yana da wani wuri a ƙirjinsa mai laushi kamar man shanu a rana, sai dai ya ɓoye shi da kyau. Yana da ƴa, ƴar fari. Sunanta Sakinatu, amma ba za ka ji wannan suna a bakinsa ba, ba za ka ji shi a bakin Kadi matarsa ba. Haka suka tarar ana yi: iyaye suna kunyar ɗan fari, ba sa kiran sunansa, ba sa ɗaukarsa gaban mutane, ba sa nuna sun damu da shi ko da zuciya tana ci da wuta. Sau ɗaya tak sunan ya taɓa fita daga bakin Barmo, ranar suna, da ya sunkuya ya raɗa wa liman a kunne. Da aka yaye ta, yayarsa Hawa ta ɗauke ta ta riƙe. In magana ta kama dole, sai ya ce "yarinyar gidan Hawa".

Yarinyar gidan Hawa kuwa ba ta da wurin zama in an taso daga lakwal, makarantar boko, sai ƙarƙashin tagar ɗakin wayar iska. Can za ta raɓe a ƴar inuwar bango, ta kasa kunne tana jin garuruwa suna magana da ubanta. Shi bai taɓa leƙowa ba. Amma kullum akan samu dabino a bakin tagar, an aje shi kamar mantuwa, kuma kullum kafin la'asar dabinon ya ɓace.

Ta zama budurwa sa'ad da aka kawo wa Barmo ɗan koyo, wani dogon saurayi mai sanyin hali, Yahaya Manzo. Yahaya ya daɗe yana mamakin maigidan nasa. Mutum yana zaune kusa da kai, gwiwa na taɓa gwiwa, amma in zai koya maka abu sai ya juya wajen taga ya ɗaga murya kamar mai kiran sallah: "Wannan allurar ita ke nuna ƙarfin batir! In ta faɗa cikin ja, ka taƙaita magana! In za ka yi magana ka danna nan, in ka gama ka saki, ka ce, gare ka!" Yahaya har ya fara tsammanin an ɗauke shi kurma. Ran nan ya miƙe don ya kori wani ƙadangare daga tagar, ya leƙa, sai ga idanu biyu suna kallonsa daga ƙasa, da bakin da ke maimaita darasin a hankali. Ya manta da ƙadangaren. Wasu sun ce daga ranar ya manta da abubuwa da dama, har da cin abinci.

Da damina ta zagayo aka ɗaura musu aure, aka kuma tura Yahaya ya riƙe tashar Belbeji, ya tafi da amaryarsa. Wayar iska ta yi wa surukan nan biyu daɗi ƙwarai, don a iska ba a kiran suna. Wannan Tanut ne, wancan Belbeji, shi ke nan, kunya ta samu mafaka. Abu ɗaya ne kowa ya lura da shi. Kowace safiya, in Belbeji ta gama rahoton ruwa da kiwo da masu ciwo, Barmo yakan ce, "Komi lafiya a wajenku?" A ce masa lafiya lau. Sai ya sake cewa, "Komi da komi?" Ba ya yi wa Tenhya wannan tambaya ta biyu. Duk Damargu an san ta wace ce, ba kuma wanda ya taɓa faɗa, har Ila.

Sai bazarar nan ta zo, mai zafin da ke sa awaki su tsaya cikin inuwar junansu. Sanƙarau ya shiga wasu ƙauyuka. Maganin allurar da ke Tanut ya ƙare, Barmo ya sani, don shi ya aika da kukan likita Damagaram. Amsar da aka ba shi ita ce magani ya yi kaɗan, ba za a fitar da shi ba sai ga garin da tasharsa ta nema da kanta.

Da hantsi ya buɗe akwati kamar kullum. Damagaram ta amsa, da muryar wani sabon ma'aikaci, Haruna. Tenhya ta amsa, ta yi tsiyarta. Sannan ya ce, "Belbeji, Belbeji, Tanut ke kira. Gare ka."

Ba amsa sai shuuu na iska.

"Belbeji, Tanut ke kira. Gare ka."

Aka danna, aka saki, aka sake dannawa. Sai wata murya ta fito, siririya, tana ƙoƙarin tsayuwa da ƙafafunta: "Tanut, Belbeji ce. Ina jin ku. Gare ku."

Kofin shayin da ke hannun Barmo ya karkace har ya zuba masa a riga bai ji zafi ba. Ai tun kafin ta gama kalmar farko ya gane ta. Ya san muryar nan tun tana kukan neman nono a bayan Kadi, shi yana waje yana yi kamar gyaran darni ne ya tsayar da shi.

Ila ne ya fara farfaɗowa. "Kai! Yau Belbeji ta sha zuma ne? Yahaya, me ka ci muryarka ta yi daɗi haka?"

"Tenhya, sauka," in ji Barmo. Bakinsa ne ke aiki, shi yana can wani wuri. "Belbeji, wa ke magana? Gare ki."

"Ni ce."

"Ni ce ba suna ba ne. Ina mai tashar?"

Mace ba ta kiran sunan mijinta, balle a gaban ubanta. "Mai gidan nan ba shi da lafiya. Tun jiya jikinsa kamar garwashi, wuyansa ya ƙage, ba ya son haske. Yau ko ni bai gane ba. Majo, malamin jinya na likitar nan, ya duba shi, ya ce ciwon nan ne, kuma ba shi da ko kwalba ɗaya. Ya ce in magani bai zo yau ba..." Muryar ta karye, ta ɗaure ta. "Allurar batir ta kusa shiga ja. Na kasa tada injin da ke cika batir, hannuna bai iya jan igiyar. Gare ku."

Mato, gardin da ke bakin ƙofa, ya cire hularsa ya shigo da kai. A taga ma kawuna sun fara taruwa, don mata masu zuwa rijiya sun ji muryar mace tana fitowa daga akwatin hukuma, abin da ba a taɓa ji ba.

Sai Damagaram ta shigo. "Tanut, Damagaram ce. Na ji muryar da ban sani ba a tashar Belbeji. Ko ka ba ta izini ka faɗi sunanta, ko ka rufe tashar. Gare ka."

Barmo ya danna maɓalli ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita, ya saki.

"Ni in faɗa!" Ila ya faɗo, yanzu babu wasa a muryarsa. "Damagaram, sunanta Sakinatu, matar mai tashar ce, na san ta tun tana rarrafe, in ƙarya nake a kore ni!"

"Tenhya, ba kai ke da ƙofa ba," in ji Haruna. "Bakin Tanut nake jira."

Ila ya ce, "Yaro, ba ka gane ba ne. Ƴarsa ce. Ta fari."

Iska ta yi ta shuuu. Da Haruna ya dawo, ya sauke murya ƙasa, ya bar maganar biro. "Tanut, na gane, Baba. Wallahi na gane, ni ma ɗan fari ne, har yau tsohona wannan yaron yake ce mini. Amma shugabana yana tsaye a kaina. Ba zai fitar da magani da mota kan muryar da ba ta da suna ba, kuma ka fi ni sanin wanda ya tsare wannan ƙa'ida duk shekarun nan. Gare ka."

Barmo ya sani mana. Shi ne ya hana wani mai gari magana a iska gaban talakawansa. Shi ne ya taɓa rufe Tenhya saboda ƙanen Ila ya ɗauki abin magana ya yi gaisuwa. Barmo mutum ne da ya tsaya a duniya da ƙafa biyu, ɗaya ƙa'idar aiki, ɗaya kunyar da uwarsa ta raine shi da ita, kuma bai taɓa tsammanin akwai ranar da za a ce ya zaɓi wadda zai tsaya a kai ba. Ya tuna tsohuwar, Allah ya ji ƙanta, wadda ta rasu ba ta taɓa kiran sunan yayarsa Hawa ba. Ya dubi taga. Ga matan unguwarsu, ga kuma kunnuwan duk garuruwan Damargu a bayan akwati. Kafin azahar zancen zai kai kowace rijiya: Barmo ya tsufa ya zubar da kunya, ya kwarara sunan ƴar fari a iska.

Mato ya matso ya ce a hankali, "Malam, in na faɗa, su ɗauka kai ne?"

"Muryata suka sani," in ji Barmo.

Sai aka danna daga Belbeji. Muryar ta ƙara nisa, batir yana tafiya da ita. "Tanut, Belbeji ce. In abin da wuya, a bar shi. Kada a takura kowa saboda ni. Zan nemi raƙumi wajen Buzayen da suka sauka bakin rijiya, in ɗaura shi, mu kamo hanya. Allah yana nan. Gare ku."

Barmo ya san hanyar nan, ya san ranar nan, ya kuma san mai sanƙarau ba ya isa ko'ina a bayan raƙumi. Ita ma ta sani. Wato yarinyar nan da ta girma a ƙarƙashin tagarsa, wadda ba ta taɓa roƙonsa ko zare ba, yau tana shirin saka ran mijinta a hanya don kada ubanta ya ji kunya.

Ya cire hularsa ya aje a kan akwati. Ya juya wa taga baya. Ya rufe ido, ya jawo abin magana har ya taɓa leɓensa, kamar kunnen liman ne a waccan safiya mai nisa.

"Damagaram, Tanut ce. Na ba da izinin aikawa da karɓa a tashar Belbeji, a madadin Yahaya Manzo da ke kwance, ga..." Sunan ya fita a raɗe, ko Mato bai kama shi ba.

"Tanut, ban ji sunan ba. Iska ta cinye. Ka maimaita, Baba, don Allah. Gare ka."

Barmo ya ja numfashi. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga muryar nan da yake koyar da darasi wajen taga.

"Sakinatu! Sakinatu Barmo. Ƴata ce, ni na haife ta, kuma ta san akwatin nan fiye da rabin waɗanda na ba izini. Na maimaita, Sakinatu Barmo. Gare ka."

Wata tsohuwa a taga ta kama baki ta ce, "La'ilaha!" Wata ta fara share ido da gefen mayafi.

"Na karɓa," in ji Haruna. "Belbeji, Damagaram tana jin ki. Ki aiko da saƙonki."

Belbeji ba ta amsa ba. Barmo ya tsaya da abin magana a hannu, yana cewa a ransa ya makara, batir ya mutu, ya tsaya yana auna kunyarsa har iska ta ɗauke yarinyar. Sai akwatin ya yi ƙaras, wata ƴar murya ta fito, jiƙe da hawaye, ba ta kuma bi ƙa'idar komi ba.

"Na'am, Baba."

Ashe amsa kiran take yi. Tun da aka haife ta take jiran a kira ta.

Sannan ta share murya ta faɗi saƙonta tiryan-tiryan, sunan ciwo, abin da majo ke nema, hanyar da mota za ta bi don ta kauce wa yashi, ta rufe da "gare ku" daidai lokacin da allura ta faɗa cikin ja. Ila, wanda aka ji yana jan hanci a Tenhya, ya ce ƙurar ɗakinsa ce ta shige masa ido, kuma duk wanda ya ce kuka yake zai gamu da shi.

Motar ta bi ta Tanut rana tsaka. Barmo bai shiga ba, don ba a barin ƙofa ba mai tsaro. Amma direba ya ce da ya isa Belbeji ya tarar da wani ƙullin dabino a ƙarƙashin kujerarsa, bai san wanda ya manta da shi ba.

Da Barmo ya koma gida cin abinci, ya tarar labari ya riga shi. Kadi ta aje masa tuwo. Ta zauna nesa kaɗan tana tsince wake, ta daɗe tana tsince ƙwaya ɗaya. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, an ce yau ka yi abin kunya."

"Na yi."

"Har sau uku, aka ce."

"Aiki ne ya sa."

Ta juya waken a faifai. Sannan ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron bango ya ji, "Yaya yake a baki?"

Barmo ya dubi matar da suka raɗa sunan tare suka kuma haɗiye shi tare. Ya ce, "Da daɗi, Kadi. Wallahi da daɗi."

Yahaya ya tashi. Ciwon ya tafi da jin kunnensa na hagu, ya bar masa ransa da matarsa da murmushinsa. Ran da ya fara komawa bakin akwati, Haruna ya tambaya daga Damagaram ko Tanut za ta janye izinin da ta ba mai riƙon ƙwarya, tunda mai tasha ya warke.

"A'a," in ji Barmo. "Mai tashar kunne ɗaya gare shi yanzu, yana buƙatar mataimaki. Izini yana nan. Sai dai na duba, izinin mataimaki ba irin na mai tasha ba ne. Dole a riƙa sabunta shi kowace Litinin, a faɗi suna a iska."

"Sarkin Ƙofa," in ji Ila, "wannan ƙa'ida daga ina ta fito? Tun muna samari nake aikin nan ban taɓa jin ta ba."

"Yau ka ji ta. Tenhya, sauka."

An ji kamar Haruna yana dariya kafin ya saki maɓalli.

Daga nan kowace Litinin da hantsi Barmo yakan cire hula ya aje a kan akwati, ya juya wa taga baya, ya gyara murya. A gida har gobe yarinyar gidan Hawa ce, in ta zo ganin gida kuma ba ya ɗaga ido ya dube ta. Amma a iska, gaban Damagaram da Tenhya da duk mai kunne, yakan faɗi sunan a hankali, harafi bayan harafi, wai don kada iska ta cinye. Daga Belbeji kuma a ce, "Na'am." Matan unguwa sun lura cewa ran Litinin Kadi takan ɗauki tulu da hantsi ko da randunanta cike suke, kuma hanyarta ta zuwa rijiya ta koma bi ta ƙarƙashin tagar.